Kati na Huɗu da Lemon Tanjarin

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Malama Nafeesa ta ce kowace ɗaliba ta riƙa rubuta abin da ta yi a aikin sa-kai. Na sayi littafi biyu. Ɗaya na makaranta ne, da Turanci, shi za ta duba. Wannan nawa ne, ba mai dubawa.

Awa ashirin ake so kowa a ajinmu ta yi kafin ƙarshen zango. Wasu sun ɗauki tsintar robobi a bakin teku, wasu raba ruwa a filin wasa. Ni jera littattafai na so, domin littafi ba ya kallon mutum. Kafin in gama shawarar ɗaga hannu an ba wata. Abin da ya rage shi ne koya wa wata dattijuwa mai jin Sifaniyanci hira da Turanci, Talata da Asabar, a laburaren unguwa a Al Rayyan, nan ƙasar Larabawa inda muke zaune. Malama ta ce, "Haulat, Turancinki ya fi na kowa a takarda. Bari mu ga ko yana da baki." Aka yi dariya, amma ba ta mugunta ba.

Yau Umma ta je asibiti karɓar maganin nan, zuwa na shida, na ƙarshe in ji Abba. Na tarar ta dawo tana ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Umma, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na je na ɗora shinkafa.

Abba ya zagaye 5 ga Nuwamba da jan biro a kalandar kicin. Ranar za su riƙe ta a asibiti, washegari su yi abin da suka ce za su yi. Ni 'yar fari ce. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take cewa, ko "yayar Zuleiha". Ni ma tun da na yi wayo ban zauna a bakin gadonta ba. Da can ban ga komai a ciki ba, haka na ga ana yi a Azare. Yanzu ina so kafin ranar nan mai jan biro in wuce bakin ƙofar. Ban san abin da ake yi ba idan an wuce.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi

Na shirya gaisuwata tun a motar makaranta. Ban samu na yi ta ba. Ina shiga ɗakin sai wata 'yar gajeriyar mata mai furfura da jan tabarau ta taso ta rungume ni, ta sumbace ni a kumatu. Na sandare kamar taɓarya.

Sunanta Amparo, shekararta sittin da huɗu, daga wani gari Cali a Kolombiya. 'Yarta tana aiki a jirgin sama, sai ta yi kwana uku ba ta gida, ita kuma tana can hawa na sha tara ita da shuke-shukenta. Duk wannan da guntun Turanci, da hannu, da wayarta muka haɗa shi. Ta ce in kira ta Amparo kawai. Na gwada, bakina ya ƙi. Sa'ar kakata ce fa. Muka daidaita a kan Mama Amparo. Ita kuma Aulat take ce mini, ko "mija", wai 'yata.

A garinsu shekara ashirin da biyu tana zuwa duba marasa lafiya duk Alhamis. Nan ma tana so ta shiga cikin masu aikin sa-kai na wani asibiti, amma sai ta ci intabiyu da Turanci, ranar 22 ga wata. Za su yi mata tambayoyi, sannan wata ta kwanta kamar mara lafiya a ga yadda za ta yi da ita.

Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Nan, na sani." Ta nuna bakinta ta ce, "Nan, babu."

Na yi mata alkawari za ta ci. Ban taɓa yi wa babba alkawari ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Na yanka kwali na yi kati takwas, tambaya da baƙin biro, amsa da shuɗi. Na farko gabatar da kai. Na biyu, me ya sa kike son aikin sa-kai. Na uku, ranakun da kike da sarari. Waɗannan sai da na duba ƙamus.

Na huɗu, gaida mara lafiya, bai ba ni wahala ko kaɗan ba. Tun ina ƙarama na san shi, juya shi kawai na yi zuwa Turanci. Mai dubawa ta ce, ya jiki? Mara lafiya ta ce, da sauƙi. Mai dubawa ta ce, mun gode Allah, Allah ya ƙara.

Umma ta ce da sauƙi. Cokali uku ta ci.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Mun yi faɗa a kan kati na biyu, idan har za a kira shi faɗa. Na rubuta mata, "Ina so in ba da gudummawa wajen ci gaban al'umma." Ta sa a waya ta karanta ma'anarsa, ta tuntsire da dariya.

"Mija, wannan ɗan siyasa ne ya rubuta?"

"Haka ake faɗa a intabiyu, Mama Amparo."

"Ni ba na neman ƙuri'a. Rubuta: gidana shiru, hannuwana ba su da aiki."

Na rubuta. Na ji haushi kaɗan, domin jimlata ta fi kyau. A hanya na sake tunani, na ga ba ta fi ba.

Kati na huɗu mun maimaita shi sau ashirin, ni ce mara lafiya. A na goma ta sauke tabarau ta dube ni.

"Kullum da sauƙi?"

"Kullum."

"Ko wane mara lafiya?"

"Haka ake cewa."

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ke ce malama."

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Umma ta ce da sauƙi.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Anti Ajaratu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta shigo da kular wake da shinkafa irin tasu mai ja. Shekara huɗu ita ke yi wa Umma kitso duk sati biyu. Yau ma na ga tsinken kitson a hannunta. A bakin ƙofar ɗakin ta tuna gashin ya zube, ta yi maza ta cusa shi a jaka, ta shiga tana ɗaga murya fiye da kullum.

Da ta fito ta tsare ni a kicin. "Malama Baturiya! An ce kina koya wa tsofaffi Turanci. Ni yaushe za a koya mini, ko sai na yi furfura?" Na ce ai Turancinta ya fi nawa. Ta ce, "Kin gani? Ga baki nan, ɓoye shi kike yi." Ta ja mini kunne. Idonta ya yi ja, ta ce albasa ce. Ba albasa a kicin ɗin.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Zuleiha, da yake auta ce kuma shekararta bakwai, hawa gadon Umma take yi da takalmi. Yau ina bakin ƙofa na ji ta ce, "Umma, me ya sa yanzu kike kwana da ɗankwali?" Na shiga taku biyu, na janyo ta waje da ƙarfi har ta yi kuka. Taku biyu. Sai daga baya na lura na shiga.

Na ba ta haƙuri da alewa. Abba ya dawo daga wurin aikinsa a West Bay, ya tsaya a matakala yana waya da mutanen Azare. "Lafiya lau, da sauƙi sosai, alhamdu lillahi." Ya gama ya daɗe bai shigo ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da azahar

Gwajin ƙarshe kafin intabiyu. Kati takwas, ba kuskure ko ɗaya. Na huɗu kuwa ko kallon sa ba ta yi, yana fita da kansa.

Ta kawo mini wani soyayyen abu na garin masara mai nama a ciki. Kafin in buɗe baki ta ce, "Halal, halal! Na tambayi mai nama sau uku, har ya ce mini khalas, ya isa haka, Mama, tafi." Na ci huɗu. Ban taɓa cin abinci a gaban baƙuwa haka ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida

Ba ta ci ba.

Na same ta zaune, jakarta a cinya, ba runguma. Ta ce tambayoyin duk ta amsa, har sun yi murmushi a kan gidana shiru. Sai aka zo wasan. Wata nas ta kwanta, Mama Amparo ta ce, "Ya jiki?" Nas ɗin ta ce, "Yau ya fi jiya tsanani, kuma ba wanda ya zo duba ni."

"Na fahimta, mija. Kaina ya fahimta. Amma bakina ya riga ya tafi."

"Me kika ce?"

Ta miƙe tsaye, ta buɗe hannuwa, ta faɗa da fara'a kamar yadda na koya mata: "Mun gode Allah! Allah ya ƙara!"

Ta yi ta dariya har da riƙe tebur. Ni ban iya ba. Can dariyar ta juya, ta cire tabarau tana share ido. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu. Ban taɓa faɗa wa mara lafiya abu irin wannan ba."

Sun ce ta sake zuwa ranar 3 ga Nuwamba. Sau biyu kawai ake gwadawa a shekara.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba abin yafiya, amma tana so ta gane. "A wurinku mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi?"

Na ce a'a. Na ce kakata ta Azare, ranar Laraba aka kira ta a waya ta ce da sauƙi, ranar Alhamis kuma

Abba ya iso. Zan ƙarasa wani lokaci.

Laraba, 23 ga Oktoba, lokacin tara

A littafin makaranta na rubuta, "Darasi ya tafi daidai." Na daɗe ina kallon jimlar.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Matan abokan Abba sun zo dubiya bayan an sauko daga masallaci. Umma ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan goro, ta fito falo ta zauna a miƙe. Ina kai shayi ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya ta ce da sauƙi. Har ba'a ta yi wa wata a kan lallenta. Da suka tafi ta shiga banɗaki, famfo ya daɗe yana zuba.

Abba ya ce in raka shi sayen ruwa. A mota na tattaro ƙarfin hali na ce, "Abba, me ya sa dole a ce da sauƙi?"

Ya ce, "Godiya ce ga Allah, Haulatu. Kuma wanda ya zo gaishe ka ba ka ɗora masa kaya ya koma da shi gida."

Na ga gaskiyarsa. Abu ne mai kyau, ban taɓa ganin kyansa kamar yau ba. Amma na ce, "To wa ake ɗora wa?"

Ya ƙara ƙarfin na'urar sanyi. 

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar

Na zo da niyyar in ce ta nemi wata malamar. Ta riga ni magana. Ta ce yau ba kati. Ni ce mara lafiya, kuma an hana ni cewa da sauƙi. In faɗi abin da ke damuna, ita ta nemi amsa.

Na ce kaina ke ciwo. Ta ce, "Ƙarya. Mai ciwon kai ba ya zama kamar soja. Sake."

Na ce ƙafata. Ta ce, "Sake."

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce ba na iya cin abinci, komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini. Na ce warin girki yana tayar mini da zuciya amma ba na so a daina girki saboda ni. Na ce tafin ƙafata kamar ana tsira allura. Na ce na sa an juya madubin ɗakina yana kallon bango.

Ban rubuta ko ɗaya a kati ba, amma Turancin yana ta fita.

Mama Amparo ba ta nemi amsa ba. Ta janyo kujerarta gefena, ba gabana ba. Ta buɗe jaka ta ciro lemon tanjarin, ta fara ɓarewa a hankali, tana cire zaren nan fari ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dube ni ba. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Da ta gama ta ajiye mini rabi a kan tebur ta ce, "Wace ce?"

Na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa da bakina. Na faɗa mata har da bakin ƙofa, da cewa a wurinmu uwa da 'yar fari ba sa zama su zuba wa juna ido.

Ta ce, "To wa ya ce ki dube ta? Ki dubi lemo." Sai ta yi mini bayani, rabi da baki rabi da waya. A Cali kullum da lemo take shiga ɗakin mara lafiya. Tambayar farko, kowa a duniya lafiya yake. Kada ka tsaya a tsaye, mai tsayuwa tafiya zai yi, ba a faɗa masa komai. Ka zauna. Ka ba hannunka aiki mai cin lokaci. Kada ka cike shirun. Wani a rabin lemo yake magana, wani sai na uku.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini haka tun farko ba?"

Ta ce, "Kin zo da kati masu kyau, kala biyu. Na ji kunya."

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Na sayi lemo shida. Na tsaya a bakin ƙofa da ɗaya a aljihu. Umma ta ce da sauƙi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na mayar da shi firij.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi

Mun yi sababbin kati. Yanzu ita ke faɗin abin da take so ta ce, ni in ba ta Turancinsa. Duk gajeru ne. Zan iya zama? Ina jin ki. Ba sai kin ce komai ba. In kira nas? Ina nan.

Na ce wannan na ƙarshen bai kai jimlar intabiyu ba. Ta ce shi ya fi duka aiki.

Na miƙa hannu zan yaga tsohon kati na huɗu, ta make mini hannu. Ta sa shi a jakarta. Ta ce duk lokacin da 'yarta ta kira daga wata ƙasa ta ce Mama ya kike, ita ma lafiya lau take cewa, ko da ta wuni ba ta yi magana da kowa ba sai shuka. "Ashe ni ma 'yar garinku ce, mija."

Alhamis, 31 ga Oktoba, da na dawo makaranta

Zuleiha ta shanye lemon duka shida.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na zama mara lafiya mai wuyar hali. Na ƙi magana, na juya baya, na ce ta fita. Ta ce, "Zan iya zama?" Na ce a'a. Ta ce, "To. Ina nan waje idan kin so." Ban koya mata haɗa su haka ba, ita ta haɗa.

Da za mu rabu ta riƙe fuskata da hannu biyu. "Kin ɓare?"

Na girgiza kai.

"Ni gobe, ke jibi. Yalla, maza. Idan na ci ke ba ki yi ba, zan mayar musu da falmaran ɗinsu ta masu aikin sa-kai."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Saƙon murya, daƙiƙa arba'in, talatin daga ciki ihu ne da Sifaniyanci. Ta ci! Nas ɗin nan dai ta kwanta, ta ce tsoro take ji. Mama Amparo ta ce zan iya zama, ta zauna, ta ciro lemo. Suka yi dariya suka ce a ɗakin jinya na gaskiya sai ta tambayi nas kafin ta ba kowa abin ci. Ta ce to. Za ta fara horo mako mai zuwa.

Ƙarshen saƙon: "Saura ke."

Na sake sayen shida. Na ɓoye su a jakar makaranta.

Litinin, 4 ga Nuwamba, kafin magariba

Ina so in rubuta kafin in manta wani abu.

Anti Ajaratu ta ɗauki Zuleiha, Abba bai dawo ba. Jakar asibiti tana jingine a bakin ƙofa, daidai inda nake tsayuwa. Na tsallake ta.

"Umma, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Zan iya zama?"

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Wani abu ya faru a makaranta?" Na ce a'a. Na zauna a ƙasa, na jingina da gadon, bayana yana wajenta. Na ciro lemo.

Na farko ya ƙare, ba ta ce komai ba sai agogo. Sau uku na kusa tashi. Na ajiye ɓawon a gefen matashinta na ɗauki na biyu. Na ji ta ɗauki ɓawon tana shinshinawa.

"Ke, wa ya koya miki ɓare lemo kamar mai tsifar kai?"

"Ɗalibata."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Shiru kuma. Ina cire zare, ina cire zare. Saura kaɗan na biyun ya ƙare ta ce, "Yayar Zuleiha."

"Na'am, Umma."

"Yau kam babu sauƙi."

Wallahi "Allah ya ƙara" ya zo har bakin haƙorana. Na danne shi. Na ce, "Ina jin ki."

Ta ce ba yankan ne ke damun ta ba, barcin da za su sa ta ne. Tun tana yarinya ba ta son a rufe mata fuska. Ta ce tana tunanin idan ba ta farka ba, Abba ko inda takardar haihuwar Zuleiha take bai sani ba. Ta faɗa mini inda take. Ta ce ta gaji da sa kwalli saboda baƙi. Ta ce tsoro take ji, kuma tana jin kunyar Allah da take jin tsoron. Ta faɗi wasu abubuwan da ko a nan ba zan rubuta ba.

Ban ce kada ta ji tsoro ba. Na ce, "Ina nan, Umma."

Na ji hannunta a kan ɗankwalina. Ba shafawa ta yi ba, ajiye shi kawai ta yi, kamar yadda ake ajiye kaya. Ban juya ba. Ita ma na san ba ni take kallo ba.

Daga baya na ba ta labarin kati na huɗu da abin da Mama Amparo ta faɗa wa nas. Ta yi dariya har tana riƙe gefenta tana cewa, "Kai, kin cuci baiwar Allah! Allah ya ƙara?" Ta sha ɓari biyu na lemon. Muka yi addu'a tare. Da muka ji makullin Abba ta ce, "Tashi, tashi, kada ya ga kin zauna ya ɗauka wani abu ne."

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Sun riƙe ta. Hawa na huɗu. Ta ce wa Abba da sauƙi. Gidan ya yi girma.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da ita. Na roƙi nas da Turanci, da bakina, kada a rufe mata fuska sai ta yi barci. Ta ce za ta faɗa wa likita.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi

Abba yana ta zagaye da carbi. Mama Amparo ta aiko hoton lemo, ba rubutu.

Ƙarfe ɗaya da kwata

Ta farka. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

An bar mu mun shiga. Ta yi ƙanƙanta a gadon, ga robobi a hannu. Likita ya ce sai sakamakon gwaji ya fito nan da kwana goma za a san abin da ke gaba. Abba ya riga ya nemi jan bironsa.

Anti Ajaratu ta zo, da mata biyu, da wani abokin Abba da ya tsaya daga labule. Aka yi ta ya jiki, ya jiki. Umma ta ce da sauƙi, sau biyar, da 'yar muryar da ta rage mata. Aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma na ce amin, kuma har zuciyata.

Da lokacin dubiya ya kusa ƙarewa Abba ya fita raka su, Zuleiha ta bi shi saboda tana son danna lif. Na tashi zan bi bayansu.

"Ke."

Na tsaya. Idonta yana kan silin.

Likita ya hana ta cin komai sai gobe. An rubuta a allon da ke saman gadonta. Ta sani, na sani.

Ta ce, "Kin zo da lemon?"

Na janyo kujera.